Madubin Hangen Nesa Mai Jan Ido

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka kawo amaryar ƙanena Murtala, kuma ko na so in manta mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Kowa ya ba da labarin nan da bakinsa, an zuba gishiri an zuba yaji, don haka gara ni ma in faɗi nawa tun da ni abin ya faɗa wa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Bagudo, a bakin gulbin Kwara, kuma ina taɓa noman shinkafa a fadama kamar kowa. Aibina guda ɗaya ne, shi ya dame ni ya dami mutane: ba ni da zama. Kafin a gama yi mini bayani na miƙe, kafin a ce "dakata" na kai bakin ƙofa. Innarmu takan ce tun a ciki na fara gaggawa, wata bakwai na yi na fito. (Ba na musu da ita, ita ta san abin da ta gani.)

Shekarar da abin ya faru tsuntsayen jan-baki sun addabe mu a fadama. Sai na ƙudurta sayen madubin hangen nesa, wai in riƙa hango garkensu tun daga nesa in riga su isa gona. Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na tsallaka iyaka zuwa wata kasuwa a ɓangaren Benin, na sami wani dattijo mai kayan gwanjo, rediyo da tocila da agogo, ya shimfiɗa madubai kala huɗu a kan buhu.

Bawan Allah nan ya so ya taimake ni, wallahi ya so. Ya ɗauki ɗan ƙarami mai shiga aljihu ya ce wannan na 'yan kallon kokawa ne, ba nauyi, amma da rana ta yi sanyi sai ya yi duhu. Ya ɗauki wani mai faɗin kafaɗa, an rubuta 7x50 a jikinsa, ya ce irinsa masu jirgin ruwa ke so, don ko jirgi na rawa hoton ba ya rawa sosai, kuma yana shan haske da yamma. Ya ɗauki na uku, miƙaƙƙe sumul, 8x42, ya ce lambar farko ita ce sau nawa yake jawo abu kusa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce.

"Malam, wanga shi ad daidai da kai," in ji shi. "Tsuntsu kaka nema, tsuntsu ko ba ya tsayawa wuri guda. Kana son wanda za ya nuna maka fili da faɗi."

Ni kuwa tun yana kan na biyu idona ya tafi kan na huɗu. Wani ƙato ne baƙi, gilashinsa ja wur kamar idon mai fushi, da ɗan maɓalli da ake turawa ya ƙara jawowa daga goma har talatin. Talatin fa! A raina na ce wane irin mutum ne zai ga talatin ya ɗauki takwas? Na koyar da lissafi shekara goma sha biyu, na san wanda ya fi girma.

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce wannan in ka kai shi ƙarshe sai an ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe, in a hannu ne bugun zuciyarka ma zai riƙa kaɗa hoton. Ya ce kuma duk yadda ka ƙara jawowa, haka filin da kake gani ke tsukewa, sai ka zama kamar mai leƙe ta kafar kara. Yana cikin magana ni ina cikin rataya abin a wuya. Har na hau kabu-kabu ina jin muryarsa a bayana yana cewa, "Malam, ko gwadawa ba ka yi ba!"

Na gwada a gona washegari. Ban ga jan-baki ko ɗaya ba, sai ganye na rawa da sama na rawa, kaina ya ɗau juyi har na zauna a kan kunyar gona. Amma na gaya wa kaina rashin sabo ne. Kuma gaskiya abin ya yi mini kyau a wuya, mutane suna ta tsayar da ni a hanya suna neman su leƙa.

To, ana haka bikin Murtala ya taso. Yarinyar, Balkisa, 'yar wani gari ce can sama a ɓangaren Benin, mutanen Dendi ne, kuma ta gulbi za a kawo ta don hanyar mota ta lalace da damina. An sha wuya kafin a ba shi ita. Iyayenta sun yarda, amma akwai wata ƙanwar ubanta, Gwaggo Hajo, wadda ita ta raine ta, ta kafe a kan ba ta so a kai 'yarta nesa. Ta faɗa a gaban wakilanmu cewa ta ji labarin mutanen ƙauyenmu ba su san darajar baƙo ba. Da ƙyar aka shawo kanta, da sharaɗi guda: ita za ta kawo amarya da kanta, kuma in ta iso ta ga ba a tarbe su yadda ya kamata ba, ba za ta bari ƙafar yarinyar ta taɓa ƙasa ba, jirgi zai juya da ita.

A wajenmu tarbar amaryar gulbi tana da ƙa'ida. Dangin ango mata su tsaya a mashaya, wato bakin ruwan da jirage ke tsayawa, tun kafin jirgi ya iso, a shimfiɗa sabuwar tabarma daga bakin ruwa, a tanadi ruwan sha da fura, kuma da hancin jirgi ya taɓa gaɓa a saki guɗa. Sai an yi guɗar nan amarya ke saukowa. In jirgi ya iso mashaya shiru, to an ce ba a maraba da ita ke nan, kuma magana ce da za a riƙa yi har jikoki.

Matsalar ita ce mashaya biyu gare mu. Akwai ta gari, akwai kuma ta sama wadda ake kira mashayar kuka, tafiyar kusan minti goma a ƙasa. In ruwa ya yi ƙarfi wasu masu jirgi sukan fi son ta sama. An ce mana ta gari za su sauka, amma Inna ta kasa natsuwa, ni kuma na fi ta. Ranar Juma'a bayan an dawo daga ɗaurin aure Murtala ya ja ni gefe, idonsa duk ya faɗa.

"Yaya, don Allah kada a samu kuskure gobe. Ka san matar nan, abin da ta faɗa za ta yi."

Na bugi ƙirji, na bugi madubin da ke kan ƙirjin. Na ce ya je ya kwanta da hankalinsa, ni zan hau tudun bakin gulbi, tun jirgin yana ƙasar Benin zan gan shi, in faɗa wa mutane inda ya dosa. Kawu Manu, ƙanen Inna, wanda ya yi shekara arba'in yana su a gulbin nan, yana zaune yana jin mu. Ya ce, "Kai dai bari a zamna inda anka ce. Jirgi ba ya ɓacewa a gulbi." Na yi masa murmushin nan da masu boko ke yi wa tsofaffi. (Allah ya yafe mini murmushin nan, na biya shi da tsada.)

Asabar tun da hantsi mashayar gari ta cika. Inna da ƙawayenta sun sha ado, dangi sun zo daga Sharabi da Lafagu, ga masu kalangu, ga tabarma sabuwa fil an shimfiɗa, ga ƙoren fura a inuwa. Ni kuma na sa farar shaddar da na ɗinka don bikin, na haye tudu, taku talatin bai fi ba daga inda suke, na kafa madubi a ido.

Awa ɗaya, awa biyu. Na sauko na hau ya fi sau goma. In zauna in miƙe, in goge gilashi da bakin riga, in tura maɓalli gaba in dawo da shi baya. Duk wanda ya ɗaga kai ya tambaye ni sai in ce, "Saura kaɗan," kamar ni ke tuƙa jirgin. Hannuna ya gaji, wuyana ya ƙage, idona na ruwa. Rana ta take, mata sun fara fifita da gyale, Inna tana ta aiko mini da harara.

Can wajen azahar na tura maɓallin har ƙarshe, talatin cif, sai wani abu ya faɗo cikin gilashin yana tsalle. Jirgi ne, can nesa sosai. Na riƙe numfashi don hoton ya ɗan tsaya. Na ga katifu an ɗaure, masu fure-fure. Na ga robobi ja da shuɗi an jera. A tsakiya kuma, Allah shaida, na ga mutum zaune an lulluɓe shi da farin zane tun daga kai har ƙasa, ga wani a gefe ya dafa shi. Kayan ɗaki, ga amarya a lulluɓe, me ya rage? Kuma hancin jirgin ya karkata ya nufi mashayar kuka.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Ga su nan! Mashayar kuka za su! Ku tashi, ku tashi, za su riga ku!"

Kawu Manu ya sa hannu a goshi ya duba gulbi ya ce shi bai yarda ba, wancan jirgin ya yi nauyi da yawa, zaman jirgin kasuwa gare shi. Na ce, "Kawu, kai da ido kake gani, ni da talatin nake gani. Har amaryar na gani da lulluɓinta!" Wannan kalma ta lulluɓi ita ta gama komai. Inna ta ce a naɗe tabarma. Kafin ka ce me, mata sun ɗora ƙoren fura a ka, masu kalangu sun rataya, tsofaffi sun tattare zane, an yanke ta hanyar bayan gari da sassarfa cikin rana tsaka. Kawu Manu ma ya bi su yana gunaguni, don ba zai bar 'yar'uwarsa ta tafi ita kaɗai ba. Mashayar gari ta koma wayam, ko akuya babu.

Ni na ce zan tsaya a tudu in tabbatar sun sauka lafiya, sannan in biyo baya. Na ci gaba da bin jirgin nan da madubi, yana ɓace mini ina lalubo shi. Na ji ƙarar inji tana matsowa, na ce a raina kai, abin nan har sauti yake jawowa. (I, na faɗi haka a raina. Malamin makaranta.) Na ji kamar ana tafi da waƙa da harshen Dendi, na ce iska ce ke kawowa. Ban cire abin daga idona ba ko sau ɗaya, don na sha wuya kafin in kamo jirgin, ina tsoron in na sauke ba zan sake samunsa ba.

Na ga mutanenmu sun isa mashayar kuka, ƙanana suna rawa a cikin gilashi. Na ga an shimfiɗa tabarma. Na ga jirgin ya taɓa gaɓa, mata sun kama hanci suna guɗa. Sai na ga mutumin da ke dafe da amarya ya miƙe ya yaye farin zanen.

Injin ban-ruwa ne. Sabo, ja, an rufe shi don kada ruwa ya fantsar masa. Katifun da robobin kuwa na 'yan kasuwa ne.

Ban gama kallon injin ba sai na ji murya daga ƙasan tudu, kusa ƙwarai, kamar a cikin kunnena.

"Kai mai idon ƙarfe! Nan garin ba mutane ne?"

Na juyo da madubin a ido, ban ga komai ba sai wani abu shuɗi ya cika gilashin. Na sauke shi. Jama'a, ga jirgin amarya a mashayar gari, a gabana, in na jefa takalmi zai faɗa ciki. Ya biyo gefen gaɓarmu ne a hankali, ya wuce ta ƙarƙashin hancina. Mata sun fi ashirin a ciki, sun sha anko, ga Balkisa a tsakiya da lulluɓinta na gaskiya. Shuɗin da na gani kuwa ɗaurin kallabin Gwaggo Hajo ne, tana tsaye a hancin jirgi ta riƙe ƙugu. Daga baya aka gaya mini tun daga nesa suke ɗaga mini hannu suna kira, suna ganin mutum a tudu da madubi sun ɗauka su yake kallo.

Na gangaro da gudu har ina zamewa. Ba tabarma, ba fura, ba mace ko ɗaya, sai ɓawon gyaɗa da sawun mutane. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, sannunku da zuwa, sannunku da hanya, wallahi kuskure aka samu, yanzun nan za su..."

"Ba da kai nike ba," in ji ta. Ta juya wajen mai jirgi. "Na faɗa musu tun farko. Tada injinka mu koma."

Na zaro waya in kira Kawu Manu, sai na ga layin ya tsallake ya kama na Benin, kamar yadda yake mana a bakin gulbi, kira ya ƙi shiga. Mai jirgi ya kai hannu ga igiyar inji. Na ji Balkisa ta fashe da kuka a ƙarƙashin lulluɓi, kukan gaske, ba irin na al'ada ba. Fuskar Murtala ta faɗo mini a rai, da yadda ya ce "Yaya, don Allah." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na faɗa cikin ruwa da farar shaddata har ƙugu, na rungume hancin jirgin, laka tana tsotse mini takalmi.

"Gwaggo, ki yi wa Allah! Laifina ne ni kaɗai. Tun hantsi suke nan suna jiranku, ni na kore su. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, amma kada ki koma da ita."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi madubin da ke lilo a wuyana. Ta ce, "Ɗiyata ba ta sauka garin da ba a yi mata guɗa ba. Kai dangin ango ne?"

Na ce ni ne wansa, uwa ɗaya uba ɗaya.

"To, mi kaka jira?"

Na waiga hagu, na waiga dama. Ba kowa. Na cire babbar rigata na shimfiɗa a gaɓa a madadin tabarma, na koma cikin ruwa, na rufe ido, na kama hancina da yatsu biyu yadda na ga mata na yi, na saki murya.

Abin da ya fito ba guɗa ba ne. Ya fi kama da kukan jaki da mura ta kama. Gwaggo Hajo ta ce, "Ba mu ji ba." Na sake, da ƙarfi, har jijiyar wuyana ta miƙe. Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, sai ta biyu, sai jirgin gaba ɗaya ya ɗauka, har yana tangaɗi. Amaryar ma na ga kafaɗunta na rawa, kukan ya koma wani abu dabam. Gwaggo ta danne dariyarta da bakin gyale ta ce, "Uku aka yi."

Ina tsakiyar ta ukun, ido a rufe, hanci a hannu, daga ni sai singileti, mutanenmu suka iso. Sun dawo da gudu bayan sun gama yi wa injin ban-ruwa maraba. Inna ce a gaba tana haki, bayanta matan Sharabi da na Lafagu, da masu kalangu, da iyayen yaran da nake koyarwa. Duk suka ja suka tsaya. Na buɗe ido na ga garinmu kaf yana kallona. Da gulbin ya tafi da ni a lokacin nan da na gode masa.

Inna ta ratso gaba. Ta wuce ni kamar ba ita ta haife ni ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa ta gaskiya, sauran mata suka amsa, kalangu ya ɗauka. Aka kawo tabarma za a shimfiɗa, Gwaggo Hajo ta ce a bar rigar nan inda take. A kan shaddata Balkisa ta fara taka ƙasar garinmu, ƙawayenta ashirin suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya da takalmansu. Da Gwaggo ta zo wucewa ta tsaya kusa da Inna ta ce, yadda kowa zai ji, "Garin da namiji za ya shiga ruwa ya yi wa ɗiyata guɗa, na bar ta cikinsa da daɗin rai. Amma ku karɓe abin nan daga wuyansa."

Kawu Manu ne ya karɓe shi. Yana nan rataye a ɗakinsa, ya ce ba zai sayar wa kowa ba don ba ya son alhaki.

Auren yana nan lafiya lau, 'ya'yansu biyu yanzu. Balkisa tana girmama ni matuƙa, sai dai har yau ba ta iya gaishe ni ta haɗa ido da ni ba tare da ta ciji leɓe ba. Ni kuma na koyi abin da na koya. In za ka sayi madubin hangen nesa, fara tambayar kanka me za ka kalla, a tsaye ko a zaune, abu mai motsi ko mai zama wuri ɗaya, sannan ka gwada shi a hannunka kafin ka rataya a wuya. Kuma komai kyansa, ka riƙa sauke shi lokaci-lokaci ka duba gabanka da idon da Allah ya ba ka.

Watan jiya wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar gidana, ta ce daga Sharabi take, jikarta za a kai ranar Lahadi. Na yi mata Allah ya sa alheri, na tambaye ta ko wasiƙar gayyata take so in rubuta mata. Ta ce a'a, maguɗiyarsu ce ba ta da lafiya, kuma an ce mata a nan garin akwai wani malami.